Miyar Kwalba a Gidan Surukai

A shekarar da aka soma ginin masaƙa a Kakuri, akwai wata mata mai suna Celina da ke sayar da miya a ƙofar Loko, inda ake gyaran injinan jirgin ƙasa, a Makera. Mutuniyar wajen Kafanchan ce. Mijinta ya yi aikin kuku a gidan wani Bature, a can ta ga yadda ake ɗura abinci a kwalba. Da Baturen ya koma ƙasarsu, ta tattara kwalaben da ya bari ta kama sana'a.

Aikinta da ƙa'ida. Nama a wurin mahautan kasuwa take saye, kowa ya sani, don haka Musulmi ma suna ci. Takan soya miyar har ruwan ya ƙone. Ta tafasa kwalba da murfinta. Ta ɗura miyar da zafinta, ta zuba soyayyen mai a sama har ya rufe ta ruf, sannan ta ɗaure murfi. Masu sayenta ma'aikatan jirgin ƙasa ne, direba da gadi da fayaman, mutanen da ke kwana a hanya ba mai dafa musu. Duk wanda ya saya sai ta gaya masa magana ɗaya: in ba a buɗe ba za ta yi kwanaki, in an buɗe a cinye a ranar.

Isiyaku fayaman ne, shi ke zuba kwal a wutar inji. Bazazzagi ne, ba shi da yawan magana. Matarsa Jummai na da cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kakau, inda ubanta Malam Tanimu ke noma. Da aka tura Isiyaku layin Inugu, ya san zai daɗe. Ya sa Celina ta yi masa kwalba biyu na miyar nama mai yaji. Ya ba abokin aikinsa Shekari, ɗan Gbagyi da ke zuwa gida wajen Kakau duk Asabar, ya ce ya kai. Nufinsa Jummai ta ci a kwanakin nan. Bai haɗa da wani bayani ba. Suruki ba ya koya wa uwar matarsa ajiyar miya.

Ya dawo wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, fuska baƙi ƙirin da ƙurar kwal. Shekari na zaune a bencin Celina yana jiran a busa komawa aiki.

"Ga angon ƙarni," in ji Shekari.

Isiyaku ya tsaya.

"Ta sauka ranar Asabar. Mace. Lafiya lau, da ita da uwar. Ba ka tambaya ba, na dai gaya maka."

"To," in ji Isiyaku. Ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa, alhali ba abin da ya same ta. 'Yar fari ce. Mutum ba ya washe baki a gaban jama'a.

"To kawai? Madam, kin ji shi. An ce ya samu 'ya, ya ce to, kamar an ce masa kwal ya ƙare."

"Bar shi," in ji Celina. "Kunyarsu ce. Barka, Malam Isiyaku, Allah ya raya. Ina kwalabena? Ka san ba a haƙo su a ƙasa."

Shekari ya yi dariya.

"Kwalabenki sun samu sarauta a Kakau. Surukarsa ta sa su cikin adaka tare da zannuwanta na fita. Duk wadda ta zo gidan sai an ciro an nuna mata. Wai miyar Turawa ce, ba ta lalacewa, kamar kifin gwangwani na kanti. Ni ma da na kai an miƙo mini a zaure na lasa."

Celina ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Ka lasa? An buɗe?"

"Tun ranar. Kowa da ɗan yatsansa, sai a mai da murfi."

"Duka biyun?"

"Duka. Wai a ji ko ɗanɗanonsu ɗaya."

"Yaushe ka kai?"

"Asabar ta wancan makon. Ban da wadda ta haihu."

"Kuma har yau ba a cinye ba?"

"Ajiya aka yi wa mai jego. Yau ne ranar ƙauri. Sun ce tun da angon ba ya gari balle ya aiko da ƙafar saniya, miyarsa ta tsaya a madadi. Da ta fito wankan la'asar za a ba ta."

Celina ta juya wajen Isiyaku. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Isiyaku, man nan na sama shi ne ƙofa. An fasa shi, an sa yatsu, an rufe a adaka cikin wannan zafi fiye da mako. Abin da ke cikin kwalbar nan yanzu ba miyata ba ce."

"In an tafasa fa?"

"Ko an kwana ana tafasawa. Yajin da ka ce in ƙara shi zai ɓoye warin. Ƙato kamarka zai kwanta da ciwon ciki ya tashi. Mace da ta haihu kwana uku ke nan, jikinta ɗanye, tana shayarwa, ba na so in faɗa da bakina."

Aka busa. Ma'aikata suka fara shiga. Shekari ya miƙe, dariyar ta tafi.

"Ni ba halin fita, ka sani. Ga kekena can jikin katanga. Jirgin da zai tsaya Kakau sai bayan magariba."

"Ka je ka gaya wa surukarka a zubar," in ji Celina.

"Ni?" in ji Isiyaku. "Ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba. Ko muryata ba ta sani ba."

"To yau ta sani. Ka zubar. In ta kama ka fasa kwalaben, fasa, na yafe."

Bai wanke fuska ba. Ya ɗaure ƙafar wandonsa ya hau.

Ya bi ta Kakuri. Manyan motoci na sauke siminti da ƙarafa, leburori sun cika hanya, ba mai kauce wa ƙararrawar keke. Ya sauka ya tura, ya sake hawa. Bayan gidajen ƙarshe hanya ta zama jar ƙasa mai gargada. Rana ta tsaya a ka. Gonaki a share suke ana jiran ruwa, ba inuwa sai ɗorawa jefi-jefi. Tayar baya tana sacewa a hankali. Ya sauka ya yi famfo, ya hau, ya yi nisa kaɗan, ya sake sauka.

Gajiyar ba ta dame shi ba kamar maganar. Ya juya ta ta kowace fuska. In ya ce miyar ta lalace, ya ce ke nan ya aika wa surukai ruɓaɓɓen abu. In ya ce ajiyar ce ta ɓata ta, ya ce wa uwar matarsa ba ta san miya ba, matar da ta aurar da 'ya'ya. In ya ce a ba shi abinsa, ya zama mai kyauta yana bin ta da ƙafa. Kuma duk wanda ya faɗa, ya nuna ƙarara cewa don matarsa ya bugo wannan hanya da rana tsaka, kwana kaɗan da haihuwar fari. Abin da za a yi shekaru ana ba da labari ke nan.

Ya yi azahar a gindin wata ɗorawa da ɗan ruwan da ya roƙa wajen wasu mata masu ɗauke da itace a kafaɗa. Bai zauna addu'a ba. Ya dubi inuwa, ta fara karkata. Ya hau.

Ya isa Kakau la'asar ta kusa. Gidan Malam Tanimu na gefen gari, katangar zana, zauren laka. Tun daga nesa ya hango hayaƙi biyu suna tashi daga cikin gidan. Ɗaya mai kauri, na tukunyar ruwan wanka. Ɗaya siriri.

Ya jingine keke. Ya cire takalmi tun kafin ƙofa. Ya yi sallama ya durƙusa daga gefe, kai a ƙasa.

Malam Tanimu na zaune kan buzu yana tufka igiyar rama. Dattijo ne mai nauyin baki. Ya amsa sallamar bai bar tufkar ba.

"Isiyaku ne?"

"Ni ne, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya aikin?"

"Da godiya."

"Ya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

"Mutanen Makera?"

"Suna gaisuwa."

"An ce Inugu ka je."

"Can ne."

"An yi ruwa a can?"

"An fara."

"Mu nan shiru. Na share gonar fadama tun wancan watan." Ya ja igiyar ya gwada ƙarfinta. "An samu ƙaruwa."

"Allah ya raya," in ji Isiyaku a hankali.

"Amin."

Iska ta kaɗo daga cikin gida. Ƙanshin soyayyen mai da yaji da daddawa. A ƙarƙashinsa akwai wani abu mai tsami, kaɗan, wanda in ba ka neme shi ba ba za ka ji ba. Isiyaku ya gyara durƙuso. Gumi na bin ƙurar kwal yana sauka cikin wuyan rigarsa.

"Baba, dama kwalaben nan ne. Mai su tana nema."

"Ka zo a daidai. Yanzu aka juye su a tukunya. A wanke maka ka tafi da su." Ya ci gaba da tufka. "An gode da ɗawainiya. Uwar ɗakin nan ta ji daɗi ƙwarai. Ba wanda bai gani ba a garin nan."

Isiyaku ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ba komai, Baba."

Ladan ya kira salla. Malam Tanimu ya naɗe igiyarsa ya miƙe.

"Ga buta nan. Ka wanke fuskar nan ka same mu a masallaci."

Ya fita. Isiyaku ya ɗauki butar ya riƙe, bai zuba ba. Daga bayan zana yana jin ƙarar ganye ana tsoma shi a ruwan zafi ana fyaɗawa a jiki. An fara wankan jego. In an gama shi sai ci.

Wata tsohuwa ta leƙo daga ƙofar ciki da ƙwaryar ruwa a hannu. Kaka Tasalla ce, uwar Malam Tanimu, kakar Jummai. A duk gidan ita kaɗai Isiyaku ke iya duba a ido, don mijin jika abokin wasan kaka ne.

"Wa nake gani kamar gawayi ya yi ƙafa?" in ji ta. "Miji, haka za ka zo mini zance? Ko sabulu ya ƙare a birnin naku?"

"Kaka, zo kusa. Magana ce."

"Yau kuma Kaka na zama? Da amarya nake. An samu sabuwa an yar da ni." Ta ajiye ƙwaryar ta zauna a dokin ƙofa. "Ina goron barka? Kada ka ce mini ya faɗi a hanya."

"Miyar nan da ke kan wuta, kada a ba ta. Ta lalace."

Tsohuwa ta dube shi. Sai ta kama dariya har tana tari.

"Na san za a rina. Ka ji an ce ta yi daɗi, ka biyo abinka a keke. Kai dai Bazazzagi, ko ƙashi ka ba kare sai ka tsaya ka ga inda ya kai shi."

"Ba wasa nake ba. An buɗe ta tun tuni. Mai yin ta ta ce in an buɗe ba ta kwana."

"Miyar Turawa? Wadda take cikin gilashi? Kifinsu na gwangwani shekara yake a kanti, ba abin da ke samunsa."

"Shi ba a buɗe shi ba."

"Mu ma mun rufe. Da hannuna na murɗa."

"Kaka, wallahi."

"Marowaci ma ya iya rantsuwa." Ta juya ta ɗaga murya zuwa cikin gida. "Kande, kina ji? Ga mijina ya zo karɓar miyarsa. Wai a juye masa a aljihu."

Mata suka kwashe da dariya a ciki. Da yawa ne, 'yan barka. Wata ta ce a ba shi ƙanzon tukunya ya lasa. Inna Kande, uwar Jummai, ba a ji muryarta ba. Ba za ta amsa maganar da ta shafi suruki ba.

Isiyaku ya ajiye butar.

"Ki shiga ki gaya mata a kunne. Ki ce ni na ce. Duk abin da kike so na kawo miki."

"Turmin atamfa."

"Na ji."

"Da tabar gari."

"Na ji. Tashi."

"Ka ga ƙarya ke nan. Da gaske kake da ka yi ciniki." Ta sake zama daram, tana jin daɗin kanta. "Zauna ka sha ruwa, ango. In ta ci ta rage, ni da kai mu raba."

Nan ya gane. Wadda al'ada ta yarda ya gaya wa gaskiya, al'ada ta hana ta ɗaukar maganarsa da nauyi. Ko zai kwana yana faɗa, wasa ne.

Ƙarar ganyen ta tsaya.

Ya miƙe. Ya raɓa ta gefen tsohuwar ya shiga.

Tun da ya auri Jummai bai taɓa wuce zauren nan ba. Tsakar gida ta fi yadda yake zato ƙanƙanta. Mata na zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfa. Da suka ga namiji baƙi ƙirin a kansu, suka watse, wannan na jan mayafi, waccan na neman takalmi. Inna Kande na tsugune a bakin murhu da ludayi. Ta ɗago, ta gan shi, ta juya masa baya da sauri ta rufe fuska da gefen zane.

Ya nufi murhun. Ya sunkuya ya kama tukunyar da hannu biyu, ba tsumma. Hannun fayaman ya saba da wuta, amma ba irin wannan ba. Ya ɗaga ta, ya bi ta bayan rumbu inda ake zuba toka, ya kife. Miyar ta malala cikin tokar tana tururi. Ya ja toka da ƙafa ya rufe ta.

Matan suka tsaya cak suna kallo. Akuya kaɗai ke motsi a turke.

Ya tsaya da tukunyar a hannu. Sai ya lura da zoben mai a cikinta. Inda miyar ta tsaya da farko ya fi inda ya same ta. An riga an ɗiba.

Ya ajiye tukunyar. Ya juya fuskarsa ga zana, ya ba matan baya.

"Jummai ta ci?"

Wata daga cikin 'yan barka ta ja numfashi. Ya kira sunan matarsa a gaban uwarta, cikin gidan ubanta, da rana. Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "'Yan reluwe ke nan. Kunya ta ƙone a inji."

Inna Kande ta ƙara jan zanen a fuskarta.

Kaka Tasalla ta iso tana dogara bango. Ta dubi tokar, ta dubi hannuwansa. Ba ta dariya yanzu.

"Kande," in ji ta, "yaron nan tambaya ya yi."

Inna Kande ba ta juyo ba. Da ta yi magana, da surukarta ta yi, murya a ƙasa.

"Iya, ki ce kwanon na ɗaki. Na rufe da faifai."

"Ta taɓa?"

"Ban sani ba. Na kai tana wanka."

Ta miƙe ta nufi ɗakin mai jego, ta bi ta nesa da inda yake tsaye. Ta ɗaga asabari ta shiga. Isiyaku na kallon zana. Yana jin tafin hannunsa na zugi. Jaririya ta yi ɗan kuka a ciki ta yi shiru. Aka yi magana a ɗakin, bai ji me aka ce ba. Ya ƙirga karan zana, ya ɓata, ya sake.

Inna Kande ta fito da kwano. Ta kawo wa Kaka ta buɗe faifan. Tuwon dawa ne, malmala guda, ba a gutsura ba. Miyar na kewaye da shi, man ya taru a sama.

"Tana shafa mai," in ji Inna Kande. "Ta ce yunwa take ji, a bari ta ɗaura zane."

Kaka ta kai kwanon hanci. Ta daɗe tana shaƙa. Ta kawar da kai.

"Miji," in ji ta, "ba ta ci ba."

Isiyaku ya dafa zana da bayan hannu.

Inna Kande ta karɓi kwanon. Da kanta ta je bayan rumbu ta juye shi kan tokar, da tuwon da komai. Ta dawo ta tsaya kusa da Kaka, har yanzu bayanta gare shi.

"Iya, ki ce tun da na juye a tukunya na ji ta juya. Ta kwalba ɗaya har kumfa ta yi a ƙarƙashin man."

"To me ya hana ki zubarwa?"

"Kayan suruki? Bayan duk garin nan an gani, an san yau za a ci? In zubar a ce me? A ce ya aiko da abin banza, ko a ce na raina?" Ta gyara zanenta. "Na ƙara daddawa da yaji, na sa 'yar kanwa. Na ce wuta za ta gyara."

Kaka ta juya wajen Isiyaku.

"Ka ji ai. Kunnenka ba a toshe yake ba, ba sai na maimaita ba."

"Kaka, ki ce laifina ne. Da na aiko da bayani."

"Kande, kin ji."

"Ki ce ba komai. Ki ce ya sa hannun a ruwan sanyi."

"Ku biyun nan za ku kashe ni da aike," in ji tsohuwar. "Ga ku ga juna, ni ce jakar gidan waya." Ta dubi 'yan barka da suka taru a bakin rumfa. "Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin mijina ba? Wata ta wanke tukunyar nan da toka, a wanke sosai."

Isiyaku ya juya zai fita, kai a ƙasa. A ƙofar ciki ya ga ƙafafun Malam Tanimu. Ya dawo daga masallaci. Ba a san tun yaushe yake tsaye ba.

Dattijon ya koma zaure. Isiyaku ya bi shi ya durƙusa inda ya durƙusa ɗazu. Malam Tanimu ya zauna a buzu. Bai ɗauki igiyar ba.

"Ka yi la'asar?"

"Ban yi ba, Baba."

Dattijon ya gyara zama.

"A nan ka zauna. Na tambaye ka hanya, na tambaye ka ruwan Inugu. Da ka gaya mini."

"Na kasa, Baba."

"Ka kasa magana. Ka iya shiga."

Isiyaku ya ƙara sunkuyar da kai, dattijon ya ci gaba.

"Matan nan na ciki, kowace da bakinta. Kafin gobe zancen ya kai tasha. Ba za a ce miya ta lalace ba. Za a ce surukin Tanimu ya kutsa masa gida ya kife tukunya a gaban uwar matarsa. Har 'yar nan ta girma ana faɗa. Kai za ka ɗauka."

"Na ɗauka, Baba."

Malam Tanimu ya dube shi, karo na farko tun zuwansa. Ya dubi hannuwan da ya ɗora a gwiwa, tafin a sama, sun yi ja sun fara tashi.

Daga cikin gida aka ji kaza na kyarkyara, ana bin ta. Muryar Kaka na ba da umarni, a tare ta nan, a bi ta can. Jim kaɗan tsohuwar ta fito zaure riƙe da jar kaza ta fukafukai, tana haki.

"Tanimu, yarinya na jin yunwa. Ruwa na kan wuta."

Malam Tanimu ya miƙa hannu saman bango ya zaro wuƙa daga cikin jinka. Ya gwada kaifinta a babban yatsa. Ya fita ƙofar gida ya fuskanci gabas.

"Zo ka riƙe," ya ce.

Isiyaku ya tashi. Ya karɓi kazar, ya taka fukafukan, ya kama ƙafafun da hannun da ya ƙone. Dattijon ya yi bisimilla ya yanka.